Kyuba a Baki, Josiah a Ɗaki

Litinin, 7 ga Yuli, da yamma

Yau ko abinci ban iya ci ba don murna. Ina cikin duba marasa lafiya sai nas ta leƙo ta ce wani tsoho yana jirana a baranda, ya ƙi yankar kati, wai shi lafiyarsa ƙalau. Ina fitowa sai ga Kwamared Ndatsu da jar hularsa da lemarsa. Abokin marigayi Babanmu ne tun suna aikin jirgin ƙasa, kuma shi ne shugaban 'yar ƙungiyar nan ta masoya Kyuba a Minna, tsofaffin 'yan ƙwadago da malaman makaranta da ɗalibai kaɗan. Ya ce bana ni suke so in yi babban jawabi a taronsu na ashirin da shida ga wata, tunda duk cikinsu ni kaɗai na taɓa taka ƙasar da ƙafata. Shi tun yana saurayi yake ƙaunar Kyuba da gurguzunta, amma bai taɓa wuce Legas ba.

Kafin ya rufe baki na ce na yarda.

Ni Alisabatu 'yar Kagara, wadda ta yi firamare a gindin mangwaro, mutanen nan suka ɗauke ni suka koya min likitanci kyauta, suka ciyar da ni shekara bakwai. Tun da na dawo ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya ce ba mu labari. Iyaka a tambaye ni ko akwai doya a can. Yanzu za a ba ni zaure guda da lasifika.

Daga asibiti na hau keke zuwa Kpakungu, shagon ɗinkin ƙanena Josiah, don ba zan tsaya gaban jama'a da tsohuwar atamfa ba. Na same shi shi da Zikrullahi, abokin aikinsa ɗan Bida, suna cin shinkafa a kwano ɗaya. Josiah ya ce jan yadi za a saya, Zikrullahi ya ce shuɗi ya fi karɓar fatata, kuma shi zai yi min aikin tauraro a wuya da hannunsa. Suka yi ta musu har cikina ya ƙulle don dariya. Tun da suka buɗe shagon nan ban taɓa ganin sun yarda da juna a kan launi ba.

Laraba, 9 ga Yuli, bayan tashi daga aiki

Na fara shirya abin da zan faɗa, ya fi ƙarfin lokacin da za a ba ni. Zan yi maganar likitan unguwa, wanda ya san kowane gida da sunan kowace tsohuwa mai hawan jini. Zan yi maganar yadda malamanmu suke wanke safar hannu su sake amfani da ita saboda takunkumin Amurka, amma ba su taɓa korar mara lafiya ba. Zan yi maganar likitocinsu da suka zo Afirka lokacin ebola, sa'ad da kowa yake gudu. Zan kuma faɗi cewa yanzu suna cikin wahala, wutarsu ta zama irin tamu, magani ya yi wuya, matasa suna ta ficewa. Kwamared ba zai so wannan ba, amma gaskiya ce.

Duk inda na juya a tunanina sai in ci karo da Baba Evelio. Tsohon malamin kiɗa ne, gidansa yana kallon ɗakin kwananmu na ɗalibai a garin Santa Kilara. Shekarata ta farko ina zaune a dakali ina kuka don kewar gida, ya tsallako titi da kwanon shinkafa da baƙin wake ya ajiye a gabana, bai tambaye ni komai ba. Daga nan gidansa ya zama gidana. Shi ya gyara min Sifaniyancina, shi ya koya min rawa, ko da yake ya ce ƙafafuna na 'yan coci ne. Suna zaune tare da wani tsoho mai suna Ramiro, mai gyaran rediyo. Na yi wata da watanni ina ɗauka 'yan'uwa ne. Ranar da na gane, na yi sati ban je gidan ba. Ranar da na koma, kwanona yana nan a rufe, ba wanda ya ce min ina kika shiga.

Shekara uku da suka wuce suka yi aure a ofishin gwamnati, bayan da 'yan ƙasar suka kaɗa ƙuri'ar raba gardama suka amince da sabuwar dokar iyali. Bidiyon yana wayata. Su biyu da farar riga, Ramiro da sandarsa, maƙwabta suna kiɗa da tukwane. Ban taɓa nuna wa kowa a Minna ba.

Alhamis, 10 ga Yuli, da magariba

Josiah ya zo. Zai ɗan kwana biyu a wurina.

Asabar, 12 ga Yuli, da hantsi

Ɗinkin da na yi wa Josiah a gira ya kama, ba ruwa, ba kumburi. Haƙarƙarin ba karaya ba ne. A gida na yi komai, bai yarda mu je asibiti ba, ni ma ban matsa ba.

Da sassafe na je Kpakungu ɗauko keken ɗinkinsa. Mai gidan ya sa sabon kwaɗo a shagon. An yi rubutu da jan fenti a ƙofar, manya-manya, har da kuskuren baƙi. Na karanta sau ɗaya. Samarin da ke zaune a wurin mai cajin waya suka yi shiru da suka gan ni, wasunsu ni na yi wa iyayensu mata awo. Ina tsaye ban san inda zan sa kaina ba sai Charity mai abincin da ke gefe ta kira ni kamar za ta sayar min da wani abu. Ta shigar da ni bayan rumfarta ta ɗaga buhunan gawayi, sai ga keken a ƙasa, da almakashi, da ledar jan yadina. Ta ce ta kwashe su ne tun kafin mutanen da suka doki Josiah su dawo karo na biyu. Na tambaye ta Zikrullahi. Ta ce ta ga ya haura katangar baya ba takalmi, daga nan ba ta sani ba. Wayarsa ce suka fara ƙwacewa, daga wayar komai ya tashi.

Ta ce in gaishe da Josiah, in ce masa ɗinkin 'yarta ba na gaggawa ba ne.

Mun ɗora keken a keke Napep muka dawo cikin yayyafi. Komai lafiya. Da rana na zauna na rubuta shafi uku a kan rigakafin yara a Kyuba, kuma sun yi kyau sosai. Ina jin wannan jawabi zai girgiza zauren nan.

Lahadi, 13 ga Yuli, bayan sujada

Maman Susan, matar fasto, ta riƙe hannuna a ƙofar coci ta daɗe ba ta sake shi ba. Ta ce ba a ga Josiah a mawaƙa ba. Na ce zazzaɓi. Ta ce suna addu'a, ta sake cewa suna addu'a sosai, sannan ta ce fasto zai so ya gan shi idan ya ji sauƙi. Benci guda muke zama da iyalin Jonah tun da na dawo ƙasar nan. Yau sun sami wani wuri.

Mama ta kira daga Kagara sau biyu. Na ce mata komai lafiya.

Josiah yana kwance yana kallon silin. Duk ƙarar waya sai ya zabura, alhali tasa a kashe take.

Talata, 15 ga Yuli, da yamma

Ina wanka da safe abin ya faɗo min, har na fito da sabulu a kunne. Zan ba da labarin Baba Evelio a taron. Zan gaya musu cewa ƙasar da suke rataya tutarta a falo, ƙasar matalauta irin tamu, ba ta Turawan Yamma ba, ta zauna unguwa-unguwa ta yi muhawara, ta kaɗa ƙuri'a, ta ce mutum irin Baba Evelio mutum ne. Kullum a nan cewa ake yi abin nan Amurka ce ke turo shi. To ga babbar abokiyar gabar Amurka. Duk yinin nan ƙafata ba ta taɓa ƙasa ba. Har wata mai jego ta tambaye ni ko albishir aka yi min.

Da la'asar na je gidan Kwamared a Bosso na gaya masa. Da farko bai yarda ba. Ya ce farfagandar 'yan jari-hujja ce, Kyuba ba za ta yi haka ba. Na nuna masa bidiyon. Ya kalla har ƙarshe, ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya ce in sake kunnawa.

Abin da ya ba ni dariya da haushi lokaci guda shi ne, abin da nake alfahari da shi, shi kunyarsa yake ji. Ya ce idan maganar nan ta fita, limamai da fastoci za su haɗu a kanmu rana ɗaya, abin da ba su taɓa yi ba. Ya ce ƙungiyar da ya raina kamar ɗa za ta mutu.

"Likita, kin san dokar ƙasar nan," in ji shi. "Ba mai yi kaɗai take kamawa ba, har mai goyon baya."

Na ce ni ba ƙungiya zan kafa ba, abin da na gani da idona zan faɗa, kuma shi ya ce in zo in faɗi abin da na gani. Ya ce in je in yi tunani. Ya rako ni har bakin titi, abin da bai saba ba, ya tambaye ni lafiyar yaron. Bai ambaci suna ba. Ashe labari ya kai Bosso.

Laraba, 16 ga Yuli, bayan magariba

Na sami Baba Evelio a waya da ƙyar, wutarsu ta dawo kenan ya ɗan yi caji. Muryarsa ta tsufa amma dariyar tana nan. Na zayyana masa shirina ina ɗoki, ina jira ya ce madalla.

Ya ce idan zan ba da labarin aurensa, to in fara daga gonar rake.

Na san da maganar sama-sama, bai taɓa buɗe min ita ba sai yau. Yana ɗan shekara goma sha tara aka kira shi da sunan aikin soja, aka zuba su a mota aka kai su sansanin gwale-gwale a lardin Kamaguwe. Maza irinsa, da 'yan coci da suka ƙi ɗaukar bindiga, da duk wanda aka ga bai dace da sabon mutumin da juyin juya hali yake son ƙerawa ba. Waya mai ƙaya, saran rake daga duhu zuwa duhu, da masu gadi da ke cewa aiki zai mai da su maza. Wani abokinsa bai fito da hankalinsa ba. Bayan an rufe sansanin ma ya yi shekaru ba a bar shi ya koyar da yara ba.

Na ce amma ai an gyara, Baba. Ya ce an gyara da yawa, kuma ba zai bar kowa ya raina gyaran ba, don shi ya san abin da aka sha kafin a same shi. Ƙasar nan ce ta yi masa aikin ido kyauta, ita ta koya wa uwarsa karatu tana da jikoki, ita ta ɗaura masa aure. Amma ko 'yan shekarun nan, da gwamnati ta soke tattakin da ta saba shirya musu, wasu matasa suka fito nasu ba izini a Habana, babban birnin ƙasar, 'yan sanda suka tare su suka kama wasu.

"Suna bayarwa, 'yata," ya ce. "Amma sai ranar da suka ga dama. Idan kika miƙa hannu da kanki, to kin zama abokiyar gaba."

Layin ya yanke kafin in ba shi amsa, kuma gara da ya yanke, don haushinsa nake ji. Labari mai tsabta nake so, wanda zan ɗaga sama in ce ku duba. Ya zo ya zuba min ƙasa a ciki. Idan na faɗi na sansanin, Kwamared zai ce na ba maƙiya makami. Wasu kuma a zauren, na san su, za su ce ai Kyuba ta dā ita ce ta yi daidai.

Juma'a, 18 ga Yuli, da yamma

Na nuna wa Josiah bidiyon. Na zauna kusa da shi ina fassara masa, ina gaya masa wane ne wane, ina ba shi labarin ƙuri'ar da yadda aka yi ta gardama a coci-coci, har da na sansanin. Ina ta zuba kamar rediyo. Ya kalli tsofaffin nan biyu suna rawa da sanda, ya miƙo min wayar.

"Yaya, tun da na zo gidan nan kin ɗinke min gira, kin ba ni magani, kin ba ni labarin Kyuba. Ba ki tambaye ni komai ba."

Na ce ba na son in takura masa ne.

"Kin san sunan mijin wani tsoho a bayan duniya. Sunan Zikrullahi sau nawa kika faɗa a ɗakin nan?"

Na tashi na ɗora ruwan tuwo, alhali akwai tuwo. Da na dawo na zauna a ƙasa kusa da gadon na tambaye shi. Ya faɗa min. Ba zan rubuta ba, nasa ne. Mun daɗe, har aka ɗauke wuta aka dawo da ita. Abu ɗaya kawai zan ajiye a nan: tun yana aji uku na sakandare yake jiran wani a gidanmu ya tambaye shi.

Kafin in fita na ce idan yana ganin jawabin zai ƙara jawo masa ido, zan cire wannan ɓangaren, ba komai. Ya ce idon da ya rage a Minna wanda bai kalle shi ba guda nawa ne. Ya ce in faɗa, amma in faɗa duka, don shi ya gaji da labarin wuraren da komai yake daidai.

Lahadi, 20 ga Yuli, da azahar

Ban je coci ba. Muna karyawa sai ga sallamar Mama, da sabuwar doya a buhu da kaza a ɗaure. Ba ta gaya wa kowa za ta zo ba, ga hanyar Kagara yadda take yanzu. Ta ajiye kaya ta wuce ni kamar ba ta gan ni ba, ta shiga ɗakin. Ta kama fuskar Josiah da hannu biyu ta juya ta wajen taga, ta duba girar, ta ce wanda ya yi ɗinkin nan ya iya. Sannan ta ce ya rame, ta fita ta yanka kazar da kanta.

Ba ta tambayi komai ba. Amma da wayarta ta yi ƙara ta ga sunan Maman Susan, sai ta kife ta a kan tabarma ta ci gaba da fige kaza.

Talata, 22 ga Yuli, da la'asar

Kwamared ya zo gida, wai gaishe da Mama. Josiah bai ɓuya ba, ya fito ya durƙusa ya gaishe shi. Tsohon ya daɗe yana kallon girar nan, sannan ya ce Allah ya ƙara sauƙi, ya ce kamanninsa ɗaya da Babanmu.

A baranda na gaya masa cewa abin ya ƙaru, yanzu har da sansanin zan faɗa. Na zaci zai tashi ya tafi. Ashe ya riga ya sa an binciko masa, kwana biyu bai yi barcin kirki ba. Ya ce shi bai yarda da wannan rayuwar ba, addininsa bai yarda ba, kuma ba zai yi min ƙarya ya ce ya canza ba. Amma waya mai ƙaya da aikin dole, wannan shi ne abin da ya yi rayuwarsa yana yaƙa, har aka tsare shi a zamanin soja. Bai taɓa zaton zai same shi a gidan da yake ƙauna ba.

Duk da haka ya roƙe ni. Ya ce Kyuba tana shaƙe, an ɗaure mata wuya shekara da shekaru, yanzu ba lokacin tonon asiri ba ne. Na ce mutumin da aka yi wa abin yana can yana zaune cikin duhu tare da su, bai gudu ba, bai daina son ƙasarsa ba, kuma shi ya ce in faɗa. Idan shi bai ga cin amana a ciki ba, mu da muke Minna su wane ne?

Muka yi ta yi, ya kawo nasa in kawo nawa, har Mama ta leƙo ta ce ko faɗa muke. Na ji daɗin musun nan fiye da yadda zan iya faɗa. Rabona da irinsa tun ina ɗaliba. A ƙarshe ya ɗauki lemarsa ya ce shi bai ba ni izini ba, kuma bai hana ni ba, amma kujerarsa tana kusa da tawa.

Alhamis, 24 ga Yuli, da safe

Ƙarar keken ɗinki ce ta tashe ni. Josiah ya yanka jan yadin.

Jiya wata baƙuwar lamba ta kira wayata, wata murya ta ce a ba tela. Na miƙa masa na fita tsakar gida na yi ta shara inda ba datti. Zikrullahi yana raye. Yana Abuja wurin wani ɗan garinsu mai shagon labule, ƙafarsa ta warke, kuma akwai wurin mutum biyu. Na ji dariyar Josiah ta taga. Mama tana tsince shinkafa, hannunta ya tsaya, sannan ya ci gaba.

Asabar, 26 ga Yuli, da sassafe

Rigar ta zauna daram. Wuyan ba ado, Josiah ya ce wannan ba aikinsa ba ne. Mama ta ce za ta bi ni.

Asabar, da magariba

Na yi.

Zauren makarantar ya cika fiye da zatona, har da 'yan jami'a a tsaye a baya. An yi waƙar 'yan ƙwadago, Kwamared ya gabatar da ni da sunan Babanmu. Da na fara maganar likitan unguwa da safar hannu da ebola, tafi kamar rufin zai tashi. Na yi musu gaisuwa da Sifaniyanci suka maimaita suna dariya. Na faɗi wahalar wuta da magani, na ce takunkumin nan zalunci ne, aka yi ta ihun haka ne. Ban taɓa jin daɗin tsayuwa gaban mutane irin na yau ba.

Sai na ce zan ba su labarin mutumin da ya ciyar da ni. Na fara da kwanon wake. Na bi da gonar rake, na faɗi dalilin da ya sa aka kai shi, da kalmomi masu sauƙi, ban yi kwana-kwana ba. Zauren ya yi tsit har ana jin ruwan sama a kwanon rufi. Na faɗi aikin idon, na faɗi auren, na faɗi matasan da aka kama a Habana. Na ce ina ƙaunar ƙasar nan kamar uwa ta biyu, ta yi wa mutumin nan mugun abu, ta kuma yi masa abin da ƙasashe masu arziki da yawa ba su yi wa nasu ba, kuma har yau ba ta son a tambaye ta.

Layi biyu na gaba-gaba suka tashi suka fita, wani yana tofar da yawu. Wani dattijo, tsohon hedimasta, ya miƙe ya ce ashe ƙazanta aka tara su su ji, kuma in haka Kyuba ta zama to ya cire hannunsa. Bai zauna ba wani ɗalibi mai jar riga ya ce ni 'yar koren Amurka ce, labarin sansani ƙarya ce ta 'yan leƙen asiri. Su biyun suka juya suna yi da juna, ɗaya yana zagin Kyuba don ta yi auren, ɗaya yana zagina don na ce ta taɓa yin laifi. Wani daga baya ya ɗaga murya ya ce a tambaye ta ƙanenta mana.

Nan Kwamared ya buga sandar lemarsa a tebur. Bai yi tsawa ba. Ya ce shi ya gayyato ni, ya ce in faɗi abin da na gani, kuma duk wanda ya taɓa zuwa Kyuba a zauren nan ya tashi ya ƙaryata ni. Ba wanda ya tashi. Ya ce wanda ya ambaci iyalin baƙuwarsa kuma ya san hanyar ƙofa. Sannan ya juyo ya ce, "Likita, ƙarasa."

Na ƙarasa. Tafin bai kai rabin na farko ba, amma waɗanda suka tsaya sun tsaya, kuma tambayoyi suka yi ta zuwa har mai gadi ya fara rufe tagogi. Wata malamar firamare ta tambaya yadda aka yi muhawarar a unguwanni ba a kashe juna ba. Ɗalibin nan mai jar riga ma ya biyo ni waje, fuska a ɗaure, ya ce in ba shi sunan wurin da aka yi sansanin zai bincika da kansa. Na rubuta masa a tafin hannu.

Muka hau keke muka kama hanyar gida har muka wuce kasuwa. Sannan Mama ta tambaye ni ko an ba tsohon nan haƙuri. Na ce shugabansu na wancan lokaci ya taɓa cewa laifin nasa ne, da ya tsufa, amma ba wanda ya zo ƙofar Baba Evelio ya faɗa masa.

"To da saura," in ji ta.

Saƙo ya shigo daga shugaban sashenmu a asibiti, yana son ganina ranar Litinin kafin in fara aiki. Wani ya ɗauki bidiyo. Zan je da rigar aikina a goge.

Lahadi, 27 ga Yuli, da hantsi

Mun raka Josiah tasha tun gari bai gama wayewa ba, ya sa hular sanyi ya ja ta har gira. An ɗaure keken ɗinkin a bayan mota, ya sauka sau biyu yana duba igiyar. Na ba shi sauran maganinsa na ce ya kira ni idan sun wuce Suleja. Ya ce in tura wa Baba Evelio gaisuwa, in ce masa wani tela a Najeriya ya ce rigar aurensa ta yi masa yawa a kafaɗa.

Mama tun asuba take kicin. Da direba ya tayar da mota sai ta buɗe jakarta ta fito da kwano biyu a ɗaure da ɗankwali, doya da miyar kaza, ta miƙa ta taga. Josiah ya ce ɗaya ya ishe shi, tafiyar ba nisa.

"Ɗayan ba naka ba ne," ta ce. "Ka ce wa Zikrullahi ban sa barkono da yawa ba, na san cikinsa."

Motar ta ja. Josiah ya rungume kwanonin a ƙirji, bakinsa a buɗe, bai iya ko ɗaga mana hannu ba. Mama ta gyara mayafinta ta ce in yi sauri, ita ba za ta makara sujada ba, kuma yau a bencin gaba za mu zauna.